Kwanon da Na Ɓoye wa Inna

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Baba Fasto, iyayena maza da mata, 'yan'uwana matasa, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Sunana Rahila, ɗiyar Hannatu wadda a da take suyar fanke a bakin hanya. Da yawanku kun san fuskata, amma ba ku san muryata ba, don kullum a bencin baya nake zama, kusa da tagar nan da ƙarfenta ɗaya ya lanƙwashe. Ban iya magana a gaban mutane ba. Shi ya sa na rubuta abin da zan faɗa a takardar lakwal, wato makarantarmu ta boko. Ku yi mini haƙuri. Na karanta wa Inna duk abin da ke ciki, ita ta ce in zo in faɗa.

Mu biyu ne a gida. Baba yana tuƙa motar siminti daga nan Malbaza zuwa garuruwa masu nisa, wani lokaci sai ya yi mako uku ba mu gan shi ba. Ba ni da wa, ba ni da ƙane. Tun da aka yaye ni a tasa ɗaya muke ci da Inna, wata babbar tasa mai zanen furanni da suka koɗe. In akwai nama, takan turo shi gefena da ɗan yatsa tana kallon wani wuri, kamar ba ita ta yi ba. A lakwal ba ni da ƙawa ta kusa. Duk abin da na gani a yini nakan adana shi, sai mun zauna a bakin tasar nan in zazzage mata.

Kun tuna yadda Inna take a da, mace mai jiki. Tun da safe tana kan kujera 'yar tsugunno tana suya. Fanken da ya fashe ko ya ƙone ita ke cinye shi, ta kora da shayi mai sukari cokali huɗu. Mutane suna cewa Baba ya iya riƙon mata, mu kuma muna jin daɗin maganar.

Ni na fara ganin alamun, amma ban san na mene ne ba. Randar da na cika da maraice, da safe sai in tarar ta yi rabi. Inna ta fara miƙo mini allura in zura mata zare. Sai kuma kiyashi. In ta fito daga makewayi, ƙananan kiyashi jajaye sukan ja layi zuwa inda ta yi fitsari. In ni na shiga, ba sa zuwa. Na yi watanni ina ganin haka, kunya ta hana ni faɗa.

Wata rana mai ya fantsamar mata a ƙafa. Ƙunar ba ta fi kan ɗan yatsa ba, amma ta yi wata biyu ba ta rufe ba. Muka tafi asibiti. A wurin jira akwai wani dattijo da aka kawo a amalanke daga wajen Alela. Ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe take, an kama ta da fil a gwiwa. Inna ta kalli fil ɗin, ta ja zanenta ta rufe tata ƙafar.

Likita ya yi awon jini, ya ce ciwon sukari ne, irin wanda ya fi kama manya. Ya rubuta mata ƙwayoyi, safe da maraice. Sannan ya ce, “Mama, dunƙule hannunki.”

Ta dunƙule.

“To, tuwonki ke nan. Sauran cikin ki cika shi da ganye da wake. Sukari kuwa ku yi ban kwana. Kuma ki riƙa tafiya a ƙasa kullum.”

Inna ta juya hannun tana kallo, ta ce, “Likita, wanga ai ɗanɗanon gishiri ne, ba tuwo ba.”

Ya yi dariya, amma bai janye maganar ba.

A babbar tasa ba a iya sanin iyakar abin da mutum ya ci. Don haka Inna ta tono wani ɗan kwano shuɗi da nake shan kunu a ciki ina ƙarama, wanda bakinsa ya ɓantare a wuri ɗaya. Cikinsa daidai da dunƙulen hannunta. Daga ranar muka zama masu kwano biyu.

Kun san yadda ake kallon wanda aka ware wa kwano a wajenmu. Ko yana da cutar da ake ɗauka, ko ana gaba da shi. Duk wadda ta shigo gidanmu lokacin cin abinci, idonta yakan sauka kan kwano biyun nan kafin ta gama sallama. Ni kuma ina gaban babbar tasa ni kaɗai, ina jin ƙarar yatsuna a jikinta. Inna takan gama nata da wuri, ta tashi don kada ta zauna tana kallon nawa. Labaran da na kwaso daga lakwal suka rasa wurin sauka.

Ga kuma tafiyar. Mace ba ta fita haka kawai tana yawo ba aike ba saye. Ranar farko mutum uku suka tsayar da ita suna tambayar ko lafiya. Washegari sai ta ɗora kwando a ka. Babu komai a ciki sai tsohon zane da ta rufe bakinsa da shi. Takan bi hanyar garaken albasa, wato lambuna, har wajen wata tsamiya, ta juyo. In zan tafi lakwal nakan hango ta daga nesa, ita ɗaya, kwandon yana rawa a kanta don ba shi da nauyi.

Ta bar suyar fanke, ta koma sayar da dafaffen zogale da ƙuli. Jikinta ya fara sauka. Zanen da a da da ƙyar yake haɗuwa ya koma zagaye ta sau ɗaya da rabi. Ƙafar ta warke, ta koma zura zarenta da kanta, amma ba wanda ya ga wannan. Ramar kawai ake gani. Wata yarinya a ajinmu ta tambaye ni wace cuta ce muke ɓoyewa. A nan majami'a ma aka fara gaishe ta a tsaye, ba a zama. Ban faɗi wannan don in kunyata kowa ba. Tsoro ne, na sani. Baba da ya dawo ya tsaya yana kallonta, ya ce, “Hannatu, so kike a ce na kasa ciyar da ke?” Ya ajiye burodi da kwalin sukari, bayan kwana biyu ya koma hanya.

Haka muka yi shekara ɗaya da rabi. Likita ya rage ƙwayoyin, daga baya ya ce ta dakata da su ya gani. Ba ita ta bari da kanta ba, shi ya ce. Bayan wata uku aka sake awo, irin wanda ke nuna yadda sukari ya zauna a jini duk tsawon watannin. Likita ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce sukarinta ya sauka inda ake so, ba tare da magani ba.

Inna ta ce, “Na warke ke nan?”

Ya ce, “Ciwon ya kwanta, Mama, ban ce ya tafi ba. Abin da ya kwantar da shi, shi zai riƙe shi a kwance. Kwanonki da tafiyarki kada ki bari. Duk wata uku ina son ganinki.”

Ina tsaye a bayanta, na ji kowace kalma.

Ranar Lahadi Inna ta tashi a nan ta ce an sallame ta daga shan magani. Kun tuna guɗar da aka yi. Maganar likita ta biyu ba ta shiga kunnen kowa ba, Inna ma ba ta maimaita ta ba. Matan da suka yi shekara suna gaishe ta daga nesa suka rungume ta. Na ga fuskarta a kafaɗar Mama Saratu, shugabar zumuntar mata. Idonta a rufe yake, kamar mai ƙishi da ta samu ruwa.

Daga Litinin kwanuka suka fara shigowa. Shinkafa da mai, taliya, masa da sukari a kai, fura mai zaƙi, lemun kwalba. Kowace ta aiko sai ta ce, a ba Maman Rahila ta maida jikinta. Da ƙauna aka yi, ba da mugunta ba. Kuma kun san ba a maido kwano yadda aka kawo shi. Wadda ta aiko za ta tambaya, “An ci kuwa?”

Yanzu zan faɗi nawa laifin.

A mako na farko Inna tana ɗiba daga abin da aka aiko ta zuba a ɗan kwanonta shuɗi. Ni na ɗauke shi. Na wanke shi, na goge, na sa shi a ƙasan akwatina, na danne da tsofaffin littattafan lakwal. Da ta tambaya na ce ban gan shi ba. Ta ɗan dube ni, ta ce, “To, kawo tasar.”

Mun ci tare a ranar. Ta turo mini nama da ɗan yatsa. Na ba ta labarin malamin lissafi da takalminsa mai kuka, ta yi dariya har ta ƙware. 'Yan'uwa, ba zan yi ƙarya a ɗakin Allah ba, na fi shekara ban ji daɗi irin na ranar ba. Na san abin da likita ya ce. Na zaɓi in manta.

Mako bakwai muka yi haka. Kumatunta suka fara cikowa, kowa yana cewa Allah ya yi aiki. Kwandon ya koma kan ƙusa a bango, gizo-gizo ya yi saƙa daga bakinsa zuwa katako.

Sai wata safiya na tarar da randa ta yi ƙasa. Na ce wa kaina zafi ne. Bayan kwana uku na shiga makewayi bayan fitowarta, na gan su. Layi ɗaya, siriri, jajaye.

Ranar ban ji ko kalma ɗaya a aji ba. Fil ɗin wandon dattijon nan kawai nake gani. Ba wanda zan gaya wa. Baba yana hanya. Mutanen majami'a suna murna. Inna kuma, in na faɗa mata, sai na faɗi inda kwanon yake.

Da aka tashi da rana ban wuce gida ba, na biyo nan. Ƙofa a buɗe take, an yi shara an tafi, ana ganin sawun tsintsiya a ƙasa. Na durƙusa a bencina na baya. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, “Yesu, ni na ɓoye shi. Ina son Innata ta rayu da ƙafarta biyu, kuma ba na son in koma ci ni kaɗai. Ban san yadda zan samu duka biyun ba. Ka gafarta mini, ka buɗe mini baki.” Na yi kuka har rigar lakwal ta jiƙe.

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Amma da na tashi, na san abin da zan yi. Na ji kamar akwai wanda ya ga kiyashin tare da ni, ba ni kaɗai na sani ba.

Na tarar da Inna a inuwar zaure, ga wata langa cike da shinkafa da Mama Saratu ta aiko. Na wuce ɗaki, na ɗauko kwanon, na ajiye a gabanta. Na ce, “Inna, kiyashi sun dawo. Kuma ni na ɓoye wanga.”

Ta ɗauke shi, ta shafa wurin da ya ɓantare da babban yatsa.

“Na san inda yake,” ta ce. “Ƙarƙashin littafin tarihi. Tun rana ta biyu na gan shi.”

“Mi ya sa ba ki ɗauka ba?”

“Ke kaɗai kika gaji da ci ke ɗaya?”

Kaza tana ta tono a gindin randa. Inna ta ce ita ma ta ga kiyashin, ta zuba musu ruwa don kada in gani. Ashe kowa yana ɓoye wa kowa, a gida mai mutum biyu.

Sai wata dabara ta faɗo mini, na tabbata ba daga kaina ta fito ba. Na ce, “Inna, ba sai kin ci a cikinsa ba. A auna da shi kawai.” Na tuƙa tuwon gero, na cika ɗan kwanon, na kife shi a gefenta cikin babbar tasa, ya fito kamar ƙaramin tudu. Na sa nawa a gefena. Tsakaninmu na cika da zogale da wake da kabeji. Na ce daga yau abin da take ci shi zan ci. Ta ce, “Za ki iya? Ke da ke lasar sukari a ɓoye?” Ashe wannan ma ta sani.

Saura langar Mama Saratu. Inna ta ce a ba makwabta, a wanke ta a maida, a ce an gode. Na ce in an yi haka gobe ma wata za ta zo. Inna ta ce ita dai ba za ta iya maida ta cike ba. Ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya, ni na ɗauki langar a ka, cike yadda aka kawo ta.

Mama Saratu tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗaga murfin, ta dube ni.

“Ke ɗiyar nan, a gidan wa kika taɓa ganin an maido abinci? Gishiri ya yi yawa, ko hannuna ne ba a so?”

Na ce, “Mama, ki yi haƙuri. Likita bai ce ta warke ba. Cewa ya yi ciwon ya kwanta. Shinkafar nan tana tada shi.”

“Wanda Ubangiji ya warkar, ya warkar. Ko ke kin fi mu bangaskiya?”

“A'a, Mama. Amma da ɗan kwano ya warkar da ita, da tafiya. In muka jefar da su, kamar mun maido masa da kyautarsa ne.”

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ta ajiye rariya. Na ci gaba, na gaya mata komai, randa, allura, dattijo mai fil, har kiyashi. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka da babba ba. Na ɗauka korata za ta yi. Sai ta waiga ta ga ba kowa kusa, ta rage murya.

“Kiyashin nan da kike faɗi. Ƙanana ne, jajaye?”

Na ce e.

Ta ce, “Ajiye langar. Tahi gida, ki gaida uwarki.”

Ta ba ni izini in faɗi wannan. Ga ta can zaune, za ta iya shaida.

Mun koma asibiti ba mu jira wata ukun sun cika ba, Mama Saratu tana biye da mu wai rakiya. Sukarin Inna ya hau. Likita bai yi faɗa ba. Ya ce ta koma kan abincinta da tafiyarta, ta dawo awo ba da daɗewa ba, in bai sauka ba za a koma ƙwayoyi, kuma wannan ba abin kunya ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba. Mama Saratu ta miƙa nata hannun aka yi awo. Ita yanzu tana shan magani.

Makon da ya wuce aka sake auna Inna. Ya sauka. Har yau ba ta koma ƙwayoyi ba. Halleluya! Na gode wa Yesu.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Baba har yanzu yana zuwa da kwalin sukari, muna karɓa mu gode, mu ajiye wa baƙi. Akwai waɗanda suka ji haushin maido kwano, ba su ƙara shigowa gidanmu ba. A lakwal har yanzu ni ɗaya nake zama lokacin hutu. Wata rana kuma ina kewar fanke har in ji ƙamshinsa alhali ba a suya. Kowace safiya ina duba randa, ina duba makewayi. Wataƙila haka zan yi ta yi.

Roƙona gare ku, iyayena, kaɗan ne. Wanda yake shan magani kada ya bari don ya ji labarin Inna, sai likita ya ce. Wanda ya ga alama a jikinsa, ko a jikin nasa, kada ya yi shiru irin nawa. In kuna son ku aiko wa Inna kwano, ku aiko, muna so. Ku sa zogale, ku sa wake. In kuma ba ku da abin aikowa, ku zo da kanku ku zauna. Wannan ta fi bukata tun farko.

Ku dogara ga Ubangiji. Yana jin addu'ar wadda ko a gaban mutum uku ba ta iya ɗaga murya. Ya ga abin da ke ƙasan akwatina, bai yashe ni ba.

Jiya da safe zan tafi lakwal na hango hanyar garaken albasa. Kwando biyu ne yanzu. Na Mama Saratu ya fi girma, shi ma babu komai a ciki, tana ta mita wai Inna tana sauri. Na tsaya ina kallonsu har suka kai tsamiya, har na makara.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.